Tambaya da Amsa: Shukata Tana Cikin Kokofit, Ganye Ya Koma Rawaya, Me Ta Rasa?

Assalamu alaikum masu karatu. Saƙonnin wannan watan kusan duk a kan abu ɗaya suka zo, wato masu shuka a cikin kokofit, dusar ɓawon kwakwa ɗin nan da ake sayarwa a matse kamar bulo, ka zuba mata ruwa ta kumbura. Na zaɓo biyar, kuma na bar su yadda masu su suka rubuto.

Tambaya ta farko, daga wani matashi a Zariya mai noma a girinhaus, wato rumfar leda da raga da ake shuka a cikinta:

"Salam malam barka da aiki. Dan Allah inada karamin girinhaus na saka tumatir buhu 120 a kokofit, sati shida kenan da dasawa ya fara fure sosai amma ganyen kasa duk sun fara yin rawaya, jijiyar ganyen tana nan koriya amma tsakaninta ne yake rawaya, wasu ma har bakin ganyen ya kone. NPK 15-15-15 nake jikawa a ruwa ina basu sau biyu a sati sauran ranaku ruwa zalla. Na kara takin amma abun sai karuwa yake. Wlh duk jarina yana ciki, me zanyi?"

Wa alaikumus salam ƙanena, Allah Ya sa albarka a nema. Kwantar da hankalinka, tumatir ɗin sati shida bai wuce gyara ba, amma dai ka daina ƙara takin nan daga yau.

Abu na farko da nake so ya zauna maka a kai shi ne kokofit ba ƙasa ba ce. Ƙasar gonar gidanku ko ba ka sa mata komai ba akwai kalsiyam da magnisiyam da sauran ƙananan sinadarai a cikinta, shi ya sa manomi zai watsa 15-15-15 da yuriya ya tafi gida kuma masara ta yi. Kokofit kuwa aikinta ta riƙe saiwa, ta riƙe ruwa da iska, shi ke nan, duk abin da shukar za ta ci kai ne za ka kawo mata a cikin ruwa. To 15-15-15 abu uku ne a cikinsa, naitrojin da fosfaras da fotasiyam, ba a yi shi don ya ba da kalsiyam da magnisiyam ba, kuma ba ya narkewa duka, ka duba gindin bokitinka za ka ga laka ta kwanta.

Sai na biyu, wanda ban ga ka ambata ba kuma ina kyautata zaton ba ka yi ba: ka wanke kokofit ɗin kafin ka zuba a buhu? Mafi yawan wadda ke kasuwar duniya daga Indiya da Siri Lanka take fitowa, kwakwa kuma itaciyar bakin teku ce, ko a nan gida ai a Badagiri ta fi yawa, don haka ɓawon yana zuwa da gishirin sodiyam da fotasiyam mai yawa a jikinsa. Ita dusar tana da wani hali, in ka zuba mata ruwa mai kalsiyam da magnisiyam sai ta cafke su ta riƙe, ta saki sodiyam da fotasiyam ɗin da ke jikinta a madadinsu. Kenan ko ɗan abin da ke cikin ruwanka dusar ce ke cinyewa kafin saiwa ta samu, ga fotasiyam ya yi yawa, shi kuma in ya yi yawa yana tare wa magnisiyam hanya. Wannan rawayar da ka kwatanta, tsohon ganye na ƙasa, jijiya koriya tsakani rawaya, ita ce alamar rashin magnisiyam sak, kuma tana yawan fitowa daidai lokacin da shuka ta fara fure da ɗaukar 'ya'ya don a lokacin ne buƙatarta ke tashi. Ƙonewar bakin ganyen kuma ina zargin gishiri ne ya taru, tunda ka ce da ka ƙara taki abin ƙaruwa ya yi.

Bari in ba ka wata ƙa'ida da za ta yi maka amfani har gaba. Akwai sinadaran da shuka ke iya kwasowa daga tsohon ganye ta kai wa sabo in ta rasa, su ne naitrojin, fosfaras, fotasiyam da magnisiyam, don haka rashinsu daga ƙasa yake farawa. Akwai kuma waɗanda in sun zauna a ganye sun zauna kenan, kamar kalsiyam da sinadarin ƙarfe da boron, su rashinsu a sama yake nunawa, a kan toho da sabon ganye. In ganyen ƙasa ya yi rawaya gaba ɗayansa har jijiyar, naitrojin ne. In bakinsa ne ya fara rawaya ya bushe yana shigowa ciki, ka tuna da fotasiyam ko tarin gishiri. Kafin ka sayi komai ka tsuguna ka duba daga ina abin ya faro.

Yanzu ga abin yi. Ka nemi mita biyu, ta EC mai auna yawan gishiri da taki a ruwa, da ta pH mai auna tsami, masu kama da biro ɗin nan, kuɗinsu bai kai asarar buhu goma ba. Ka sa faranti a ƙarƙashin buhu uku ko huɗu a wurare daban-daban, ka ba da ruwa, ka tari wanda ya ɗigo ka auna. In EC ɗin wanda ya fito ya ɗara na wanda ya shiga da fiye da 1.0 to gishiri ya taru, sai ka wanke buhunan da ruwa mai yawa, amma ba ruwa zalla ba, ruwa mai ɗan taki kamar rabin ƙarfin haɗin da zan faɗa maka a ƙasa, har lambar ta sauko. In mitarka ma'aunin ppm take nunawa maimakon EC ka duba takardarta, wasu EC 1.0 suna lissafa shi 500 wasu 700, kar lambar wani ta ruɗe ka.

Haɗin da za ka koma kai, a duro mai lita 200: kalsiyam naitret giram 200, fotasiyam naitret giram 100, gishirin Epsom (shi ne mai magnisiyam) giram 100, MKP (takin fosfaras da fotasiyam mai narkewa) giram 50, sai haɗin ƙananan sinadarai yadda aka rubuta a jikin ledarsa. Ka cika duron da ruwa tukuna, ka narka kowanne a kofinsa daban sannan ka zuba ɗaya bayan ɗaya kana juyawa. EC zai zo wajen 2 da ɗoriya, pH kuma ka tsayar da shi tsakanin 5.8 da 6.2. Kuma kullum ne, duk ruwan da zai shiga buhu ya shiga da abincinsa, zancen sau biyu a sati sauran ranaku ruwa zalla na ƙasa ne. Ka riƙa bayarwa har kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari ya ɗigo ta ƙasa, shi ke wanke gishiri. Don saurin taimako ka fesa Epsom giram 10 a lita ɗaya da yamma in rana ta yi sanyi, sau ɗaya a sati, sau biyu ko uku. Ganyen da ya riga ya yi rawaya sosai ba zai dawo ba, kar ka zauna kana kallonsa, ka duba na samansa ko rawayar ta daina hawa.

Shuka ta gaba kuma, bulo mai kilo 5 in ya kumbura yana kai lita 60 zuwa 70, ka wanke shi har EC ɗin ruwan da ke fita ya kusa da na ruwan da kake zubawa, sannan ka jiƙa shi kwana ɗaya a ruwan kalsiyam naitret kamar giram 2 a lita, ka tsane ka ɗauraye. Ni kaina na taɓa sayen wata kokofit da mai shago ya rantse min wankakkiya ce, da na jiƙa na auna sai da na yi mata wanki uku, tun daga ranar ba na dasa komai sai na auna.

Tambaya ta biyu, daga wata uwargida a Kano:

"Malam ina wuni. Ni fulawoyi nake dasu a tsakar gida, ros da zobo na ado, na canza musu kasa zuwa kokofit saboda ance tafi kyau. To yanzu sabon ganyen da yake fitowa fari fari yake kamar an wanke shi, jijiyar kadai ce koriya, tsofaffin kuma lafiyarsu kalau. Furen ma kanana yake fitowa. Makociyata tace in binne kusoshi masu tsatsa na binne ba canji. Ruwan bohol muke amfani dashi."

Lafiya lau Hajiya, Allah Ya saka da alheri. Maƙociyarki ta gano ciwon, sinadarin ƙarfe ne shukar ta rasa, tunda a sabon ganye abin yake kuma tsofaffin ƙalau suke. Maganin ne bai yi daidai ba. Tsatsa ba ta narkewa yadda saiwa za ta sha, ki tone kusoshin nan ma kar su soki yara.

Sau da yawa ƙarfen yana nan a cikin takin da ake bayarwa, ruwan ne ke ɗaure shi. Ki leƙa cikin butar da kike dafa ruwa, in kin ga farin abu ya daskare a gindinta kamar alli to ruwanku mai nauyi ne, kuma irin wannan ruwan kullum kika zuba yana ɗaga pH ɗin dusar a hankali. Da ya haura 6.5 ƙarfe ya fara wuyar sha, in ya kai 7 da wani abu sai ki ga ganye fari tas irin wanda kike gani. Ƙasa tana iya shanye wannan na wani lokaci, kokofit a ɗan ƙaramin tukunya ba ta da wannan ƙarfin.

Ki samu takardar gwajin pH ko 'yar mita, ki auna ruwan bayan kin haɗa taki a ciki, ba kafin ba. In ya wuce 6.5 ki sauke shi zuwa wajen 6. Masu kayan noma suna sayar da ruwan sauke pH, yawanci fosforik asid ne, ɗigo-ɗigo ake sawa ana aunawa, kuma asid ake zubawa a cikin ruwa, ba a zuba ruwa a kan asid, ki ajiye shi inda yara ba sa kaiwa. Tunda tukwanenki ba su da yawa ko lemon tsami zai yi, sai dai nasa ba ya daɗewa, ki haɗa ki yi amfani da shi a take. Don Allah kar wani ya ce miki ki sa ruwan tsohon batir, akwai dalma a ciki, guba ce. Sannan ki nemi takin ƙarfe, ki karanta jikin ledar: mai EDTA yana aiki ne in pH bai wuce wajen 6.5 ba, mai EDDHA, wanda ke mayar da ruwa ja kamar zobo, shi yana aiki ko a ruwa mai nauyi, shi zan ce ki saya in kin samu. Cikin sati ɗaya zuwa biyu za ki ga sabon toho ya fito kore. Da damina kuma ki tari ruwan sama a duro, babu ruwan da fulawa ke so kamarsa, sai dai shi ba komai a cikinsa, dole ki haɗa masa taki mai kalsiyam da magnisiyam.

Abu ɗaya kuma Hajiya, ki ɗaga tukunya ɗaya ki duba ƙasanta ko ramukan sun toshe ko tana zaune cikin faranti mai ruwa. Saiwar da ta nutse ba ta shan ƙarfe ko pH daidai yake. Lafiyayyar saiwa fara ce, in kin ga ta koma ruwan ƙasa tana saɓulewa tana wari to ruɓa ce, sai an gyara magudana kafin taki ya yi amfani.

Tambaya ta uku, daga wani manomi a Kaduna:

"Malam tattasai na ne a kokofit, yayan suna yin baki ta kasa kamar an kona da wuta, kananan ganyen sama kuma suna nannadewa bakinsu na bushewa. An ce min kalsiyam ne, na siyo kalsiyam naitret na hada da epsom da MKP a jarka daya mai kauri don in rika diba, sai naga farin abu ya kwanta a kasa kuma dirif dina ya fara toshewa. Ko jabu aka siyar min?"

Alhaji ba jabu ba ne, kayanka masu kyau ne, haɗin ne ya ɓata su. Kalsiyam in ya gamu da salfet ɗin da ke cikin Epsom a ruwa mai kauri sai su dunƙule su zama jifsam, dangin abin da ake yin silin ɗin POP da shi, in ya gamu da fosfet ɗin MKP ma haka. Farin abin nan da ka gani kalsiyam ɗinka ne ya zama dutse, shukar ba ta samu ba, dirif kuma, wato bututun da ke ɗiga wa shuka ruwa, ya toshe. Shi ya sa masu wannan sana'a suke da jarka biyu, A da B: kalsiyam naitret da ƙarfe a A, Epsom da MKP da sauran a B, ba sa haɗuwa sai a cikin babban tanki bayan ruwa ya tsinka su. Zubar da waccan jarkar, ka buɗe ƙarshen layukan dirif ka wanke su.

Amma ko ka gyara wannan, ka sani baƙin gindin nan ba kullum ne yake nufin babu kalsiyam a buhu ba. Kalsiyam ruwa yake bi, inda ruwa ya fi tafiya can yake zuwa, ganye kuma shi ke jan ruwa da ƙarfi don shi ke fitar da gumi, ɗan tattasai kaɗan yake ja. To ranar da aka yi zafi irin na Maris da Afrilu, buhu ya bushe da azahar, ganye ya kwashe ɗan ruwan da ya rage, sai ƙasan ɗan da ke girma ya rasa, bayan kwanaki ka ga baƙi. Abin yana faruwa ne tun ɗan yana ƙarami, sati biyu ko ukun farko bayan fure ya faɗi, wanda kake gani yau tun tuni aka yi shi. Saboda haka maimakon ruwa mai yawa sau ɗaya, ka raba shi sau huɗu ko biyar ko fiye a ranar zafi, daga hantsi zuwa la'asar, kar kokofit ta taɓa bushewa ƙamas. In kana sa yuriya ko wani taki mai amoniya da yawa ka janye, yana gogayya da kalsiyam a bakin saiwa. EC ma in ya yi sama sosai saiwa wahalar jan ruwa take, tattasai wajen 2 zuwa 2.5 ya ishe shi. Feshin kalsiyam a ganye ban cika ba shi muhimmanci ba, don abin da ya shiga ganye ba ya komawa cikin ɗa. 'Ya'yan da suka yi baƙi ka cire su, ba cuta ba ce mai yaɗuwa amma suna cin abincin banza.

Tambaya ta huɗu, daga wata ɗaliba a Jos:

"Sir tumatir dina na reno a tire, bayan ganyen ya koma kalar shunayya kuma basa girma, Disamba na shuka."

'Yar'uwa sanyin Jos ne. Alamar rashin fosfaras ce, amma in saiwa ta yi sanyi ƙasa da digiri 15 ba ta iya shansa sosai ko yana nan, daren Disamba da Janairu a wajenku kuwa ya fi haka sanyi. Ki ɗaga tiren daga kan siminti ki ɗora a katako, ki rufe da leda da daddare, ki daina ba su ruwan da ya kwana a waje da sassafe, ki bari rana ta ɗan ɗumama shi. Kar ki ƙara taki, 'yan reno EC 1.0 zuwa 1.5 ya ishe su.

Tambaya ta biyar, daga wani bawan Allah a Maraɗi:

"Malam na gwada komai, epsom, kalsiyam, karfe, amma tumatir din saman shi ya dunkule, ganyen kanana sun kudundune sama kamar cokali, bakinsu rawaya, fure yana zubewa. Ba duka bane, wasu ne a bakin kofa, amma kullum karuwa suke."

Ɗan'uwa wannan ta fi sauran tayar min da hankali, don ba na jin yunwa ce. Ka lura da abin da ka faɗa da bakinka, wasu ne a bakin ƙofa kuma suna ƙaruwa. Matsalar taki ko ruwa tana kama duk buhunan da ke shan tanki ɗaya kusan lokaci guda, wadda ta fara daga gefe tana yaɗuwa kuwa cuta ce ko ƙwaro. Abin da ka kwatanta ya yi kama da bairos ɗin nan mai nannaɗe ganyen tumatir, wanda farin ƙuda ke ɗaukowa daga shuka zuwa shuka. Gobe da safe ka girgiza shukar, in ka ga ƙananan fararen ƙwari sun tashi kamar toka, ka juya bayan ganye ka gan su manne, to shi ne. Ba shi da magani in ya shiga, wanda ya kamu ka rufa masa leda tun yana tsaye don kar ƙudan su watse, ka tuge ka fitar da shi nesa ka binne ko ka ƙona. Na san da ciwo mutum ya tuge shukar da ya yi wa wahala, amma in ka bar goma za su ja maka ɗari. Ka toshe duk inda raga ta yage, ka yi ƙofa biyu in da hali, ka rataya tarkon gam mai launin rawaya, ka cire ciyawar da ke kewaye, maganin feshi kuma ka riƙa sauya iri don farin ƙuda yana saurin sabawa. Zuwa gaba ka sayi irin da aka rubuta TY ko TYLCV a jikin fakitinsa, yana da juriya.

In kuma ka duba ba ƙuda ko ɗaya, to ka tambayi yaranka wace famfon feshi suka ɗauka. Wadda aka taɓa zuba maganin ciyawa irin 2,4-D ko an ɗauraye ta tana murɗe saman tumatir, ganye ya fito siriri a karkace, kuma shukar bakin ƙofa ita ke fara shan feshi, ita ce kuma iska ke fara kawo wa na gonar maƙwabta. Ka ware famfo ɗaya ta girinhaus kaɗai ka rubuta mata suna da fenti. Ka sake rubuto min abin da ka gani a bayan ganyen, da lambar EC da pH na ruwan da ke ɗigowa daga buhu mai ciwo da kuma mai lafiya, zan duba in ba ka amsa a fitowa ta gaba in sha Allah.